Doki Goma Sha Biyar

Doki goma sha biyar aka rubuta a jikin injinmu.
Baba Aldenor ya ce biyar sun mutu tun kafin a haife ni,
biyar kuma guragu ne,
sauran su ke jan mu kullum asuba a kan Tapajós,
mu da akwatin ƙanƙara, da kifin tambaki, da garin rogo buhu biyu,
zuwa kasuwar Santarém.

In ya murɗa hannun mai, sai jirgin ya ɗaga hanci
kamar mai girman kan da ba shi da ko sisi.
Gindi ya nutse, ya haƙa rami a ruwa,
ya tara tudu a gabansa da ƙirjinsa,
ya yi ta tura shi, ya kasa hawa.
Ƙara kamar za a tashi sama, tafiya ta hawainiya.
Valdeci ya wuce mu yana ɗaga hannu,
igiyarsa ta jiƙa mana gwiwa,
ƙanƙara tana komawa ruwa,
kifi yana zubar da daraja tun ba mu hango rufin kasuwa ba.

Sabon inji? Ko a mafarki.
Ranar Lahadi muka kifar da jirgin kan farin yashi,
na kankare gansakuka da tsohuwar wuƙa har tafina ya yi kanta,
cikinsa ya yi sumul kamar bayan tarwaɗa.
Ya ɗan ƙara sauri. Bai hau ba.

Dona Zuleide mai gyara, can bayan gidan mai,
ta juya farfelarmu a hannu, ta ja tsaki:
"Lomar nan ta fi bakinsa.
Ku ba shi mai ƙaramin cizo, ya samu numfashi."
Ta mayar da fil ɗin ramin ƙasa,
ƙafar injin ta matso jikin katako,
ta ɗaura masa faranti mai fiffike da noti huɗu,
ta karɓi kaji biyu da alkawari.

Jarkar fetur ta koma gaba.
Anga, igiya, buhunan gari, duk gaba.
Ya leƙa bakin tudun, ya yi rawa, ya yi nishi,
ya zame baya ya zauna.

Na dubi abin da ya rage a baya.
Ba jarka, ba buhu, sai Baba,
kilo casa'in da shekara talatin a kan benci ɗaya,
fentin hannun injin ya goge daidai yatsunsa.
Bakina ya yi nauyi. Wa zai faɗa?

Shi ya rage mai da kansa.
Ruwa ya yi tsit, sai tsuntsaye can cikin kurmi.
Ya ce, "Jucilene, zo ki riƙe."
Ya rarrafa ta kan buhuna, jirgin yana tangaɗi,
ya zauna kan akwatin ƙanƙara, ya ba ni ƙeya.

Na murɗa.
Hanci ya tashi kamar kullum, zuciyata ta faɗi,
sai ya fara sunkuyowa, sannu, sannu,
kukan injin ya sirance,
tudun ya shige ƙarƙashinmu ya fita ta baya,
kumfa ta kwanta, ta miƙe fara fat.
Tas, tas, tas, ciki yana marin fuskar kogi
kamar falalen dutsen da yara ke jefawa.
Na sassauta mai kaɗan don in gwada shi,
ya ƙi sauka.

Iska ta ɗauke hular Baba, bai waiwaya ba.
Mun isa da ƙanƙara tana da sauran ƙarfi,
Valdeci bai gama ɗaure igiya ba.
Amma abin da na gani duk tsawon hanya,
hannunsa na dama ne a kan gwiwa,
yana murɗa iska.